Kyaftin Dogo da Itacen Jegona

Ruwa ake yi ranar da labarin ya same ni, irin ruwan tsakiyar damina na Birnin Kebbi wanda ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Kwatar layinmu a Badariya ta cika ta tumbatsa, masu babur suna ta faɗa da masu keke napep a bakin titi, ni kuwa ina zaune a baranda ina tsintar shinkafa. Sai ga maigidana, Malam Umaru, ya fito daga ɗaki da rediyonsa a hannu, ya tsaya a kaina.

Na ce, "Malam, in tsayuwa za ka yi, gusa can, ka tare mini haske."

Bai gusa ba. Ya ce, "Kyaftin Dogo ya rasu. Yanzu anka hwaɗi cikin rediyo. Can gida Zuru, bayan jinya."

Na ajiye faifan a ƙasa. Kaji suka zo suka sa baki a shinkafar, ban kore su ba. Wallahi na yi kuka, kuka sosai, irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna mahaifiyata. Mutumin nan sau ɗaya na gan shi a duniya, shi ma ina kwance, haɓarsa kawai na gani da kyau. Ba danginmu ba ne, ba ma addininmu ɗaya ba. Matuƙin jirgi mai saukar ungulu ne, sojan sama, kuma ba don Allah ya turo shi ba, da tuni ciyawa ta shafe kabarina a wani tudu can bayan Gulma.

Shekarar da abin ya faru jihar Kebbi jaririya ce. Ba a daɗe da raba mu da Sakkwato ba, an kwaso ma'aikata an jibge a Birni, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Malam yana cikinsu, ƙaramin akawu mai keke da riga biyu, yana wanke ɗaya yana sa ɗaya. Ɗaki guda muka samu a gidan haya. Ina da cikin fari, da ya tsufa aka yi abin da aka saba, aka mai da ni gidanmu goyon ciki.

Gidanmu a wata tunga yake cikin fadamar Rima, 'yan gidaje ne a kan tudu, shinkafa ta kewaye mu ta ƙasa, gero ta sama. Babana shi ne dattijon tungar. Manomi ne, in rani ya yi kuma ya ɗauki gora da homa ya shiga ruwa kamun kifi. Ni ce 'yarsa ta fari, saboda haka tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. "Waccan" yake ce mini. In ya kamo tarwaɗa mai maiƙo sai ya ajiye a ƙofar Inna ya ce a ba baƙi, alhali ba wata baƙuwa a gidan sai ni. Da na dawo da ciki kuwa, abin ya ƙaru. In na fito tsakar gida sai ya ɗaga kai sama ya shiga duban hadari, ko da sararin fes yake.

Kafin ruwa ya kankama Malam ya aiko da itacen jego, wanda mu a can muke ce wa iccen biƙi. Kirya ce da marke, busassu ƙayau, jirgin ruwa guda. Wanda bai san ƙauye ba ba zai gane darajar wannan itace ba. Mace in ta haihu, safe da yamma ake tafasa mata ruwa a babbar tukunya ta yi wanka da ganye har ta yi arba'in. A wurin iyayenmu, mai jegon da ba ta sami wannan wanka ba sanyi ya shige ta ke nan, ba ta ƙara yin lafiya. Baba ya kafa turaku masu tsawo a bayan ɗakin Inna, aka jera itacen a sama, Inna ta lulluɓe shi da zana da tsofaffin tabarmi, ta kife tukunyar wankan a kai. Kullum sai ta zaga ta duba shi kafin ta duba akuyarta.

Daminar ta fara da kyau, kai, har da kyau fiye da kima. An yi shuka a kan kari. An yi gayyar noma gona bayan gona, mata na bin maza da fura a ƙwarya, ni ma da tulun cikina ina ɗaukar ludaya in bi su don kar a ce 'yar Birni ta zama raguwa. Gero ya yi kai ya fara ƙosawa, yara suna gasa tumu da yamma. Shinkafarmu jan iri ce, wadda ta saba da ruwa: kogi na hawa tana hawa, kullum kanta a sama. Tsofaffi suna cewa bana sai an ƙara rumbu.

Ruwan da ya ci mu ba daga sama ya zo ba. Rana tana tsaka, ƙwal, aka ga kogi ya sauya launi ya koma ja kamar kunun kanwa, yana tafe da kainuwa da gumagumai da mushen akuya. Baba ya kafa kara a bakin ruwa da hantsi don ya ga yadda yake hawa. Da aka idar da azahar ya koma, bai ga karan ba. Shinkafar da take tsere da ruwa tun kakanni, wannan karon ruwa ya wuce ta, fadama ta zama shafe ɗaya, ba ka ganin ko tsinken kore. Maza suka shiga jirage suna yankan kan gero daga cikin ruwa, abin da suka samu suka samu. Sannan gidajen gefe suka fara narkewa ta gindi. Rumbu in zai faɗi sai ya yi wani nishi tukuna, sannan ka ji rugum, sannan ka ji salatin mai shi.

Tungar duka ta tattaro kanta wuri ɗaya, tsakanin gidanmu da masussuka, inda ya fi tudu. Samari suka ɗauki babban jirginmu suka nufi Gulma neman taimako, ba su dawo ba. Sai daga baya muka ji igiyar ruwa ta maka su da itatuwa, jirgin ya tafi, su Allah ya tsirar da su a kan rassa. Ƙaramin jirgin da ya rage kuwa ya tsage. Muka zauna ruwa gabas, ruwa yamma.

Ba mu kaɗai muka gudo tudun ba. Macizai sun zo, kunamu sun zo, cinnaku sun hau har cikin zannuwanmu. Sauro kuwa ba a magana, da rana tsaka yake cizo. Ga wani zafi mai ɗanko da ke tashi daga ƙasa bayan an ɗauke ruwa, ga warin geron da ya jiƙe ya fara tsami yana tsiro a cikin damin. Kifi akwai shi, har da hannu yara ke kamawa, amma da me za a dafa? Kara ya jiƙe, kashin shanu ya jiƙe, ashana ta yi laushi. Sai aka koma gumba ba suga, da bado ɗanye, ana tauna ana kora ruwan kogi. Cikin yara ya ɓaci. Ka ga yaro zaune a kan turmi, ido ya faɗa, ƙuda na bin bakinsa ba ya ko korawa.

A duk tudun nan busasshen itace ɗaya ne, nawa. Inna takan zaro 'yan sanduna sau ɗaya a yini ta dama kunu tukunya guda, a raba wa yara da ni. Bayan wannan ko tsinke. Wata rana wata maƙwabciyarmu ta kasa haƙuri, ta tsaya a bakin zana ta ce, "Haba Inna, mu mutu da yunwa ga icce tsibi bisa kanmu?"

Inna ta ce, "Ke ma da kinka haihu icce anka ƙona miki, ba ruwan sanyi anka watsa miki ba. Wanda yat taɓa iccen ga, ni da shi."

Ina ciki ina jin su, kunun da ke hannuna ya fita raina. Kunya ta kama ni, na ji dama ban zo ba.

Naƙuda ta taso mini da safe ina taya Inna tsince tsakuwa a gero. Ban faɗa ba sai da ta gani a fuskata. Aka shigar da ni ɗakinta, wanda shi kaɗai ya rage a tsaye a gidan, aka kira Gwaggo Hajo ungozoma. Mu yadda aka raine mu, mace ba ta kuka a kan gwiwa, balle haihuwar fari, balle a gidan ubanta yana jin ta. Wadda ta yi ihu, har ta tsufa ana yi mata gori a bakin rijiya. Saboda haka na durƙusa, na cusa bakin zani a bakina na cije. Yini ya wuce. Wani yinin ya wuce. An ba ni rubutu na sha, an shafa mini, an jiƙa saiwoyi. Gwaggo Hajo ta shafa cikin ta sake shafawa, sannan ta ja Inna gefe ta ce a hankali, "Ɗan ga a gicciye shike. Wanga ba aikin hannuna ba na." Ta ɗauka ban ji ba.

Washegari da hantsi muka ji wata ƙara daga kudu, kamar ana sussuka a sama. Kafin a ce me, iska ta taso, jinka na tashi, awaki na tsinke igiya, yara na ihu. Jirgi mai saukar ungulu ne ya sauka a kan masussuka, tsakaninsa da ɗakinmu bai fi jifa ba. Inna ta sa ido a ɓular zana tana ba mu labari da raɗa: sojoji ne, suna sauke buhunan gari da gishiri, ga wani dogo baƙi ya fito daga gaba yana cire wani abu daga kansa.

Da ƙarar ta lafa na ji muryarsa sarai. Hausarsa irin ta bariki ce, amma da ladabi. Ya ce, "Wane ne babba a nan?" Aka nuna masa Baba. Ya ce, "Baba, sannunku da wahala. Akwai marar lafiya? Akwai wanda ya ji ciwo, mu tafi da shi asibiti?"

Baba ya yi gyaran murya. Maza duk suna tsaye, kuma duk sun san abin da ke cikin ɗakin nan. Sannan na ji ya ce, "Lahiya lau muke, ranka shi daɗe. Mun gode Allah, mun gode muku."

"Ba kowa?"

"Ba kowa."

Daidai lokacin ciwon ya taso mini, irin wanda ke raba ƙugu da baya. Ƙara ɗaya da na saki da mutumin ya ji ni. Na ƙara cusa zanin. Inna ta dube ni, na dube ta. Gwaggo Hajo ta buɗe baki ta rufe. Wace mace ce za ta fito gaban baƙin maza, sojoji, ta ƙaryata maigida? Wane uba ne kuma zai tsaya a gaban jama'a ya ce wa baƙo 'yarsa ta fari tana kan gwiwa? Yau in na ba 'ya'yana labarin sai su riƙe baki su ce ai wannan hauka ne. Ni ba na ce masa hauka. Haka muka tashi muka tarar, kuma Baba ya fi kowa sona a tudun nan.

Jirgin ya tashi, iskarsa ta kwashe abin da za ta kwashe, ƙarar ta yi nisa ta ɓace.

Ban taɓa jin Inna ta ɗaga wa Baba murya ba sai ranar. Ta fita ko mayafi babu ta ce, "Malam, Allah ya kawo maka jirgi har ƙohwar ɗaki, ka ce lahiya lau?"

Ya ce, "Maras lahiya yat tambaya. Haihuwa ai ba cuta ta ba."

Ta ce, "To shigo ka gani in ba cuta ta ba."

Bai shigo ba. Inna ta ce ya daɗe tsaye yana kallon ƙasa, sannan ya je ya ɗauko babbar gorarsa ta kamun kifi ya shiga ɗaure ta da igiya. Wai zai kifa ciki a kanta ya ratsa ruwan nan zuwa Gulma, ruwan da ya cinye jirgi da samari a ciki, shi da furfurarsa da cikin da bai ga tuwo ba kwana da kwanaki. Maza suka riƙe shi, ya fizge. Suka sake riƙe shi. Haka aka yi ta yi har rana ta karkata. Ni kuwa a ciki ƙarfina ya ƙare, na daina durƙuso na kwanta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗan da ke ta harbina tun watanni ya rage motsi. Na sa hannu ina lallashinsa, ina cewa a zuci, yi haƙuri, taɓa ni ko sau ɗaya.

Bayan la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Baba ya riga ya kuɓuce musu, ruwa ya kai masa ƙirji. Sai ga ƙarar nan ta dawo.

Wannan karon dogon bai nufi wurin maza ba, ko injin bai kashe ba. Ya zagayo kai tsaye bakin zanarmu, ya cire hularsa, ya tsuguna kamar ɗan da ya zo gaida uwarsa. Ya ɗaga murya don a ji shi, ya ce, "Salamu alaikum, iyayena mata. Tambaya ɗaya na dawo yi. Itacen nan da ke sama, an fara ƙona shi, ko ba a fara ba?"

Kun ji mutum! Bai ce ciki ba, bai ce haihuwa ba, bai kama sunan kowa ba. Ya bar wa kowa mutuncinsa.

Inna ta fashe da kuka ta ce, "Ba a hwara ba, ɗana. Tun shekaranjiya muke jiran mu hura, abin ya ƙiya."

Ya ce, "To ku shirya ta, Inna. Ke ma ki ɗauko mayafinki. Hadari na zuwa, ba mu da lokaci."

Aka miƙo gadon ɗaukar marar lafiya ta saman zana. Matan suka ɗora ni suka lulluɓe ni, amma yunwa ta cinye su, ba su iya ɗaga ni ba. Dogon ya ce wa yaransa su juya su fuskanci kogi, suka juya. Mazan tunga ma da suka ga haka suka juya. Sannan ya kira Baba, wanda ya fito daga ruwa yana ɗiga da gora a hannu. Ya ce, "Baba, kaya ne da mu, kama mana nan."

Baba ya kama ta wajen ƙafafuna, fuskarsa a gefe. Ta ƙarƙashin mayafi ina ganin hannunsa, duk ya yi yaushi don daɗewa a ruwa. Dogon ya kama ta wajen kaina. A nan na ga haɓarsa, gumi na ɗiga daga ita. Da suka shigar da ni jirgin, ya sunkuyo, bai dube ni ba, ya ce, "Ƙanwata, jirgin nan ƙararsa ta yi yawa, ba mai jin wani a ciki. In kina son ki yi ihu, ki yi abinki."

Ana shirin rufe ƙofa sai ga Baba a guje, rungume da damin itace. Ya hau turakun nan ya zaro kirya iya abin da hannunsa ya ɗauka. Shi a tunaninsa Birni ba itace, ina za a samo na wanka? Sojan da ke bakin ƙofa ya girgiza kai yana nuna masa ya koma. Baba ya tsaya da kayansa, iska na neman kayar da shi, bai koma ba. Dogon ya waiwayo daga gaba, ya dubi tsohon, ya yi wa yaronsa alama da hannu. Aka karɓi itacen aka tura ƙarƙashin kujera.

Muka tashi. Inna ta runtse ido ta damƙe hannuna, duk addu'ar da ta sani sai da ta karanto. Da jirgin ya karkata na hango ƙasa: ruwa ja har iyakar gani, kawunan giginya, da tudunmu ɗan mitsitsi kamar faifai a cikin tafki. Sai na tofar da zanin nan. Na yi ihu. Na kira Allah, na kira Inna, na kira Baba, har Malam da ke zaune a ofis bai san hawa ba bai san sauka ba sai da na kira shi na yi masa tas. Tun daga sararin Gulma har Birnin Kebbi ina yi, ruwa na dukan gilashi, jirgin na rawa, kuma ba wanda ya waiwayo.

A babban asibitin Birni aka yi mini aiki. Da na farfaɗo, fuskar Inna na fara gani, kuma ban tambaya ba don na gani a idonta. Ta ce, "Namiji na. Allah ya karɓi abinai." Likita ya gaya wa Malam da na ƙara kwana a tudun, da mu biyu za a rufe. Ban ga yaron ba. Malam ya ce yana da gashi da yawa.

Ina cikin zazzaɓi dogon ya zo dubiya, saboda haka ban san ya zo ba. Malam ne ya tare shi a baranda, a nan ya ji sunansa da garinsu, a nan kuma ya ji yadda aka yi ya dawo. Ashe da ya tashi da safen, iskar jirgin ta yaye tabarmin da Inna ta rufe itacen. Ya leƙo ƙasa ya ga busasshiyar kirya a jere da babbar tukunya, a wurin da ya ga mutane na tauna ɗanyen gero. Uwarsa itace take sayarwa a Zuru, shi yake kai wa gidajen masu jego tun yana yaro, ya san wannan jeri in ya gan shi. Ya ci gaba da rabon abinci a sauran tungaye abin na cin sa. Da ya koma shan mai ya nemi izini ya sake fitowa, ana ce masa ga hadari.

Malam ya gaya masa uwa ta tashi, ɗan ya koma. Mutumin ya yi ta juya hula a hannu. Sannan ya ce, "Da na iya tambaya tun da safe." Malam ya ce masa kwana ne ya ƙare, ba mai wuce ranarsa. Dogon ya girgiza kai kawai, ya ajiye sabulu da gwangwanin madara ya tafi. Ba da daɗewa ba aka mai da shi wani wurin aiki.

Saboda ɗinki, ma'aikatan jinya suka hana wankan tafasasshen ruwa, Inna ta yi ta mita har muka bar asibiti. Itacen Baba a kan duwatsu uku ya ƙare, a bayan ɗakinmu na haya, tana dama mini kunun kanwa da shi. Ruwa ya janye ya bar laka da wari, ba a girbi ko dami ba a tungar, albasar rani ce ta fitar da mutane. Baba bai taɓa tayar da maganar ranar nan ba har ya bar duniya. Amma da cikin ƙanwata ya tsufa, tun kafin ta ce wash, shi da kansa ya sa ta a jirgin ruwa ya kai ta Argungu, ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar asibiti. Mutane suna ta yi masa dariya, ko a jikinsa.

Allah ya ba ni wasu 'ya'yan bayan wannan, maza da mata, har na gaji. 'Yan matan nawa yanzu da awo da hoton ciki suke haihuwa, marar ta ɗan murɗa sun kira miji a waya, sun kira ni, sun kira uban ma, shi kuma Malam ya hau salati yana neman makullin mota. Ruwan wanka a kan gas ake dafawa. Duk damina Malam yakan ce ya kamata mu nemi Kyaftin mu gaishe shi, in ce ƙwarai kuwa, sai hidima ta sha kanmu. Gobe, jibi, har ga rediyo.

Da na share hawayena ranar, Malam ya ce mu shirya mu biyu mu je ta'aziyya. Na ce, "Mu biyu? Kira mini yaran nan duka, da na Sakkwato da na Argungu, kowa shi zo da ɗiyanai." Ya ce motarmu ba za ta ɗauke mu ba. Na ce a nemo bas.

Hanyar Zuru ta jijjiga mu yadda ya kamata, jikoki na amai, surukai na tsaki a ɓoye. Muka sami gidan da tambaya. Na ce su jira a waje, na shiga ni kaɗai. Matarsa tana zaune a falo cikin baƙaƙen kaya, tsohuwa kamata, hotonsa a jingine kusa da ita. A nan na fara ganin fuskarsa gaba ɗaya. Na durƙusa na yi mata gaisuwa, na ce Allah ya ba su haƙuri. Ta amsa, ta ce ba ta gane ni ba, daga ina?

Na ce, "Daga Birnin Kebbi. Ni ce wadda ya ɗauko a wata tunga bayan Gulma, shekarar ruwa."

Ta kama hannuna da hannu biyu. Ta ce, "Ke ce? Ke ce mai itace?" Sai ta fara kuka. Ta ce mijinta ya ɗauko mutane da yawa a rayuwarsa, daga ruwa, daga daji, daga wuraren da ba ya son faɗa, kuma ba ya ba da labarin ko ɗaya. Nawa kaɗai yake maimaitawa, har a gadon jinya. Yakan ce akwai wani yaro da ya tarar da rai da safe, ya tashi ya bar shi.

Na ce, "Mama, taso ki ga wani abu."

Na riƙo ta muka fito ƙofar gida. Suna nan tsaye a gindin bas, sun cika layin: manyan maza masu iyali, matan da goyo a baya, 'yan makaranta, da ƙananan da ke ta guje-guje suna tsokanar kajin mutane. Na ce, "Ban samu na hwaɗa mishi ba, shi ya sa niz zo in hwaɗa miki. Waɗanga duka, cikin jirginai sunka taso ranar nan."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramar jikata ta matso ta kama mata zani, ta sunkuya ta shafa kanta. Can ta ɗago, ta share ido da bayan hannu, ta waiga cikin gida ta ce, "Wayyo, kujerun ba za su isa ba."

Na ce mata kar ta damu, mun zo da tabarminmu.